Hob ne ko kebul? Netwok ɗin ofishinmu yana ɗaukewa da safe

Nafi'u Kofa:
Assalamu alaikum manyan gida. A taimaka wa ƙaninku. Ina bautar ƙasa a wani ofishin akantoci a Kaduna, kuma tunda suka ji kwamfuta na karanta, duk abin da ke da waya a jikinsa ya dawo wuyana. Ga yadda haɗin yake: rawtar 4G tana ɗakin karɓar baƙi, daga ita kebul ya shiga suwic mai baki 16, kwamfuta 9 da firinta suna kansa. A ƙuryar bene akwai ɗakin ajiyar fayil mai kwamfuta 4, su kuma suna kan wani tsohon hob mai baki 8 da aka ce tun buɗe ofishin yake wurin. Kebul ɗaya ne ya bi ta silin ya haɗa shi da suwic ɗin ƙasa.

Matsalar biyu ce. Wasu ranaku da safe kwamfuta uku ko huɗu sai su nuna kebul a haɗe yake amma babu intanet, firinta ma ba sa ganinta. Kuma ba su ɗin ba ne kullum, yau ta wannan, gobe ta wancan. In aka kashe aka kunna wani lokaci ta dawo, wani lokaci ta ƙi. Ta biyu, ɗakin fayil ɗin jan ƙafa yake, mutum biyu suka buɗe babban fayil a tare shi ke nan kowa ya tsaya cak. Oga ya ce in rubuto abin da za a saya, ni kuma tsorona a kashe kuɗi ciwon yana nan.

Sadik Zariya:
Wa'alaikumussalam. Hob? A wannan zamanin? Kofa ai ka faɗi ciwon da bakinka. Cire shi ka sa ƙaramin suwic mai baki 8, magana ta ƙare. Ko ma ka huta da wayoyin nan gaba ɗaya, a saya wa kowace kwamfuta ɗan adaftan Wi-Fi.

Injiniya Bashir:
Sadik, a hankali dai. Hob zai iya jawo jan ƙafar ɗakin sama, wannan na yarda. Amma ta yaya zai hana kwamfutar da ke kan suwic a ƙasa samun intanet yau, gobe ya ƙyale ta ya kama wata? Nafi'u, kar ka rubuta wa oganka komai tukuna. Ranar da abin ya sake faruwa, je kan kwamfutar da ta ƙi, buɗe cmd, baƙar tagar nan ta rubuta umarni a Windows, rubuta ipconfig /all, ka turo mana layi uku: IPv4 Address (adireshin kwamfutar), Default Gateway (ƙofar fitarta zuwa intanet) da DHCP Server (na'urar da ke raba adireshi). Ka yi haka a kan wadda take aiki lafiya ma. Sannan ka leƙa suwic ɗin, fitilar bakin da kebul ɗinta ya shiga tana ci ko a mace take?

Malama Zainab:
Ƙari a kan na Injiniya. Ka lura ko ranakun da abin ke faruwa su ne ranakun da aka iso ofis babu wuta aka tada janareta, ko aka ɗauke wuta ana tsakar aiki?

Nafi'u Kofa:
Malama kamar kina wurin. Ranar da muka iso da wutar NEPA tun dare, lafiya ƙalau. In dai an tada inji ne, sai wasu sun ƙi.

Maryam Ɗaliba:
Ku yi haƙuri da katsalandan, ni sabuwa ce a harkar. Mene ne bambancin hob da suwic? A ido ai duk akwati ne mai bakuna da fitilu.

Malama Zainab:
Ba katsalandan ba ne ƙanwata, don haka aka buɗe gidan. Hob ba ya sanin kowa. Duk abin da ya shigo ta baki ɗaya sai ya maimaita shi ta duk sauran bakunan, kamar sanƙira a tsakiyar gari, saƙon mutum ɗaya ne amma dole kowa ya ji. In kwamfuta biyu suka yi magana lokaci guda saƙonninsu su yi karo, duk su ja baya, kowace ta jira ɗan lokaci ta sake gwadawa. Shi ya sa za ki ga tsofaffin hob da wata fitila da aka rubuta COL a ƙasanta, ita ke nuna karon. In gudun hob ɗin mega 10 ne, wannan mega 10 ɗin ita kowa zai raba, kuma ba ya aikawa da karɓa a lokaci guda.

Suwic kuwa yana haddace lambar MAC, wato lambar shaida, ta kowace na'ura da bakin da take, sai ya miƙa saƙo ga mai shi kaɗai. Kowane baki da nasa gudun, aikawa da karɓa a tare. Tun 2011 ƙa'idar IEEE 802.3 ta daina ba da shawarar haɗa netwok da hob. Har yanzu dai a kasuwa za ki ji ana ce wa suwic hob, sai ki karanta abin da ke rubuce a jikin na'urar.

Nafi'u Kofa:
Yau ya faru. Mai aiki lafiya: 192.168.8.104, Gateway 192.168.8.1, DHCP Server 192.168.8.1. Wadda ta ƙi: 192.168.0.102, Gateway 192.168.0.1, DHCP Server 192.168.0.1. Fitilun duka suna ci.

Injiniya Bashir:
To ga ɓarawon nan. Da 169.254 ka gani a farkon lambar, da mun ce kwamfutar ta nemi adireshi ba wanda ya amsa mata, sai mu koma kan kebul ko rawtar. Amma wannan an amsa mata, ba dai rawtarku ce ta amsa ba. Akwai wata na'ura ta biyu a ginin nan da ke raba adireshi. Tashi ka bi ofis ofis, ƙarƙashin tebura, bayan kabad, ka nemo ƙaramar rawta.

Nafi'u Kofa:
Innalillahi. Tana ofishin oga, bayan firij, mai eriya biyu. Ya ce ɗansa ne ya sa masa saboda Wi-Fi ɗin ƙasa ba ya isowa sama. Kebul ɗin bango yana cikin baki mai ruwan ɗorawa, LAN 1. Shuɗin bakin da aka rubuta WAN babu komai a ciki.

Malama Zainab:
Shi ya sa na tambaye ka zancen inji. Idan wuta ta dawo komai yana tashi a tare. Ƙaramar rawtar nan ba ta ɓata lokaci, ita kuwa ta 4G sai ta gama nauyinta. Kwamfutar da ta riga tashi ta nemi adireshi, a mafi yawan lokuta wanda ya fara amsa mata shi take bi, sai ta karɓi 192.168.0 wani abu, da ƙofar fita da ba ta zuwa ko'ina. Ranar da aka kwana da wuta kuwa duka rawtocin biyu a farke suke, tsere ne kawai, sau da yawa ta gaskiyar ce ke ci ko kwamfutar ta sabunta tsohon adireshinta. Babu ruwan hob a nan ko kaɗan.

Sadik Zariya:
To shi ke nan, na karɓa. Kofa, zare kebul ɗin daga ɗorawa ka mayar shuɗin WAN. Minti ɗaya, ka gama.

Musa Maraɗi:
Salama gare ku. Zai yi aiki, Sadik, amma ka raba biro ɗin, wato ofis, gida biyu ke nan. Laftof ɗin patron, ogan nasa, za ta shiga wani rezo dabam, wato wani netwok, ba za ta riƙa ganin firinta da kanta ba, kuma na ƙasa ba za su iya buɗe fayil ɗin da ya ajiye musu a kanta ba. Gobe a sake kiran yaro.

Injiniya Bashir:
Musa ya faɗi gaskiya. Nafi'u ga yadda za ka yi, kuma ka bi a jere. Zare ƙaramar rawtar daga bango. Haɗa ta da laftof ɗinka kai tsaye, shiga 192.168.0.1. In tana da zaɓin Access Point, zaɓe shi kawai. In babu, canza adireshinta zuwa 192.168.8.2, ka kashe DHCP ɗinta, ka adana, sannan ka mayar da kebul ɗin bango bakin LAN inda yake. Kafin nan ka shiga rawtar 4G ka ga daga nawa take fara rabawa. Ganin 104 ɗin nan ina zaton daga 100 ne, ka ga ke nan 2 ba zai ci karo da kowa ba. Firinta ma ka ba ta tsayayyen adireshi a ƙasa da 100, misali 192.168.8.10, ka rubuta a takarda ka manna a jikinta. Kwamfutocin da suka riga suka karɓi baƙon adireshi kuma, ipconfig /release sai ipconfig /renew.

Musa Maraɗi:
Kuma a sa rawtar da suwic a kan ondila, UPS ɗinku ke nan, ko ƙarama ce. Ba sa cin kuran sosai. Sauyi tsakanin wutar gari da inji shi ke kashe adafta a hankali, ga damina tana tafe da tsawa.

Nafi'u Kofa:
Alhamdulillah. Na yi yadda Injiniya ya ce, na kashe babban makunni na sake kunnawa da gangan don in gani, duk sun hau 192.168.8. Allah ya saka da alheri. Sai dai ga sabuwa. Na aro suwic mai baki 8 na giga, wato mega 1000, wurin abokina na sa a madadin hob ɗin sama. Abin ya fi da muni. Fitilar dogon kebul ɗin ta kawo ta ɗauke, ta kawo ta ɗauke, ɗakin fayil babu netwok sam. Da na mayar da hob sai ya dawo da jan ƙafarsa kamar da.

Sadik Zariya:
Suwic ɗin abokin naka matacce ne.

Nafi'u Kofa:
Na sauko da shi ƙasa na haɗa da gajeren kebul, giga 1 ya nuna. Kuma na sa tasta, na'urar gwada kebul, a dogon kebul ɗin, fitilu 1 zuwa 8 duk sun bi a jere.

Alhaji Garba Mai Kebul:
Kebul ya tsufa ke nan ɗana. Silin ɗinmu da zafi ga ɓeraye. A ja sabo kawai.

Injiniya Bashir:
Alhaji, kai dai a ja sabo, mun san dalili. Da ɓera ya ci, tasta za ta nuna layi ya yanke. Nafi'u, riƙe kan kebul ɗin, maƙallin yana kallon ƙasa, haƙoran tagullar suna kallonka, ka karanto mana launuka daga hagu zuwa dama. Duka ɓangarorin biyu. Kuma tsawonsa zai kai nawa?

Nafi'u Kofa:
Fari da lemo, lemo, fari da kore, kore, fari da shuɗi, shuɗi, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Haka yake sama da ƙasa. Tsawo kuma akwai lambar mita a jikin fatar, na ɗebe ta farko daga ta ƙarshe, wajen mita 70 ne.

Injiniya Bashir:
Dabara mai kyau, yawancin yara ba su san lambobin nan suna da amfani ba. Tsawon bai wuce ƙa'ida ba, iyaka mita 100 ce. Amma wanda ya matse kan nan bai san aikin ba. Ya jera su bibbiyu ne yadda suka zo a murɗe, a ido ya fi kyan gani, kuma tunda ɓangarorin biyu iri ɗaya ne tasta za ta ce lafiya. Ita ƙaramar tastar nan abin da ta sani kawai shi ne ko waya ta 3 a nan ta fita a 3 a can. Ba ta san wace waya ke murɗe da wace ba.

Ga inda gizo ke saƙa. Netwok na mega 10 da mega 100 da haƙori 1 da 2 yake aiki a matsayin tagwaye, sai 3 da 6 a matsayin tagwaye. Ba 3 da 4 ba. A kebul ɗinka 3 fari da kore ne, 6 kuma shuɗi, ba su taɓa murɗuwa da juna ba a duk tsawon mita 70 ɗin nan. Murɗin nan kuwa shi ne ke kashe hayaniyar da waya ke ɗauka daga 'yar uwarta da wayoyin wuta. A mega 10 sigina tana da haƙuri, ta lallaɓa ta wuce, shi ya sa hob ya rufa wa kebul ɗin asiri duk shekarun nan. Da ka sa suwic ya nemi gudu mai yawa sai asiri ya tonu.

Yanke kawunan biyu ka sake da tsarin T568B: fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Kar ka warware murɗin fiye da milimita 13. Fatar waje ta shige cikin kan har maƙogwaron ya cije ta, ba ka bar siraran wayoyin suna lilo a waje ba. In da hali ma, kebul irin na cikin bango mai waya ƙwaya ɗaya a soket ɗin bango ya kamata ya ƙare, daga nan gajeren kebul ya ɗauka zuwa suwic.

Maryam Ɗaliba:
Injiniya, a makaranta an koya mana cewa suwic da suwic sai da kebul ɗin kuros, tsarin T568A a gefe ɗaya T568B a ɗaya gefen. Ba shi zai yi ba?

Injiniya Bashir:
A da haka ne 'yata, shi ya sa tsofaffin hob ke da bakin Uplink ko ɗan maɓalli a gefensa. Na yanzu suna gane wa kansu su juya, Auto MDI-X ake ce masa. B da B ya wadatar. Ki dai riƙe na malaminku saboda jarrabawa.

Nafi'u Kofa:
Na sake kawunan. Fitila ta tsaya cak yanzu, ɗakin fayil ya samu lafiya, bambancin kamar ba ofishin ba. Amma a mega 100 ya tsaya, bai hau giga ba. Tasta yanzu ba ta nuna 7. Kuma wayoyin suna ta karyewa a hannuna ina gyara su, da na kankare ɗaya da reza cikinta fari ne fat, jan a sama kawai yake.

Malama Zainab:
Giga sai da duka wayoyi takwas, mega 100 huɗu suka ishe ta, shi ya sa da 7 ta yanke sai ya sauko ya zauna a 100. Farin da ka gani kuwa alminiyam ne aka shafa wa tagulla, CCA. Wataƙila a bakin kan ta karye lokacin matsewa.

Alhaji Garba Mai Kebul:
To kun ga, ashe dai sai an ja sabon. Amma kafin ku fara zagin 'yan kasuwa bari in faɗi tawa. Mu duka biyun muke ajiyewa, kuma ni ba na ɓoye wa kowa. Kwali ɗaya ne, mita 305, in ɗora maka a hannu biyu ka ji na tagulla ya fi nauyi nesa ba kusa ba. In faɗi kuɗin kowanne. Cikin masu zuwa, wanda zai ɗauki na tagullar ɗaiɗai ne. Ɗan kwangila an ba shi kuɗin mai kyau ya zo ya ɗauki mai araha, laifina ne? Kuma a gajeren zango, mita 10 ko 15, yana yi, kar mu yi ƙarya.

Injiniya Bashir:
Yana yi har ranar da zai daina, Alhaji. Alminiyam kusan kashi 61 cikin 100 na abin da tagulla ke ɗauka na wuta yake ɗauka, ga saurin karyewa, ga shi yana yin tsatsar da ke hana haƙori kama shi. Ƙa'idar Cat5e da Cat6 tagulla zalla ta ce, don haka duk kwalin CCA da aka buga wa Cat6 ƙarya aka buga. Abin da ya fi damuna masu kyamara da ke tura wuta ta cikinsa, PoE, wat 15 har 30 a cikin silin da rana. Kai kana faɗa wa mutane, na sani. Ba kowa ne kai ba.

Sadik Zariya:
Duk wannan wahalar ta reza da launuka da ɓeraye, da Wi-Fi ne da tuni an wuce wurin.

Malama Zainab:
Ta cikin dakin ɗin kankare da kabad-kabad na ƙarfe cike da fayil? Kuma ofishin akantoci ne, Sadik. Manhajar lissafin da mutum huɗu ke buɗe fayil ɗaya a kan kwamfuta ɗaya, haɗi ya katse ana tsakar adanawa, fayil ɗin ne zai iya lalacewa. Wayoyi da laftof su hau Wi-Fi, na tebur a bar su a kan waya.

Sadik Zariya:
Na ji. Amma ga wadda ba za ku musa ba. Tunda za a yi sayayya, a sayi suwic mai saiti. Da akwai DHCP snooping a kunne, da rawtar ɗan oga ba ta isa ta raba wa kowa adireshi ba tun ranar farko.

Malama Zainab:
Wannan kam ka yi gaskiya. Ga kuma zancen zobe. Na taɓa zuwa wata cibiyar CBT, ɗaki guda ya mutu, fitilun suwic duk suna ƙiftawa tare kamar za su fashe. Ashe mai shara ce ta ga kan kebul a ƙasa ta tausaya ta soke shi a bakin da ta ga babu komai, alhali ɗaya kan nasa yana cikin suwic ɗin. Saƙo ya yi ta zagaye yana ninkuwa har ya cinye komai. Maganin wannan shi ne Spanning Tree, wanda Radia Perlman ta ƙirƙiro a 1985, mace ce, Maryam ki rubuta. Yawancin ƙananan suwic marasa saiti ba su da shi.

Injiniya Bashir:
Ban musa amfaninsa ba. Tambayata ita ce wa zai riƙe shi? Nafi'u zai gama bautar ƙasa ya kama gabansa. Na shiga ofisoshi da yawa na tarar da suwic mai tsada an kulle shi da kalmar sirrin wanda ya bar aiki tuntuni, ƙarshenta a danna reset a mayar da shi kamar marar saiti. Kwamfuta 13 ne fa. A rufe suwic ɗin a ƙaramin akwatin bango mai makulli, a zare kebul ɗin duk soket ɗin da ba a amfani da shi, an rage rabin fitinar.

Sadik Zariya:
Makullin ma ai ɓata yake yi, Injiniya.

Musa Maraɗi:
Ku bar gardama, kowa da inda ya ƙone. Nafi'u, kar ka zubar da hob ɗin nan. Tunda yana maimaita komai ga kowa, in ka sa shi tsakanin na'ura da suwic ka haɗa laftof mai Wireshark, manhajar leƙen saƙonnin netwok, duk abin da ke wucewa za ka gani. Samun irinsa ya yi wuya yanzu. Sa shi a durowa.

Nafi'u Kofa:
Ya shiga durowa. Na kai wa oga takarda: suwic mai baki 8, kebul Cat6 na tagulla zalla, soket biyu na bango, bututun roba saboda ɓera, da ƙaramar UPS. Ya amince da komai ban da UPS, ya ce sai wata mai zuwa. Yanzu haka mai gyaran wutar ofis ya zo zai ja kebul ɗin, ya ce ba sai an sayi bututu ba, akwai wuri a cikin wanda wayar AC ɗin sama ta bi, zai zura su tare.

Injiniya Bashir:
A'a. Kar ka yarda. Wayar wuta da ta netwok ba sa kwana a bututu ɗaya, ga hayaniya duk lokacin da kwamfiresa ta tashi, ga haɗari in fata ta goge. Nasa bututun dabam, a ba su tazara ko taƙi ɗaya ce, in dole su haɗu su gitta juna su wuce, kar su jera. Kuma kar ya finciki kebul ɗin ko ya lanƙwasa shi a kusurwa kamar wayar soket.

Nafi'u Kofa:
Na faɗa masa. Ya ce shekararsa 20 yana wayarin ba yaro ne zai koya masa ba. Yana kan tsani yanzu, ya riga ya buɗe silin.

Injiniya Bashir:
Na turo maka lambata ta akwatin sirri. Kira ni ka miƙa masa wayar.